Kundin Horar da Walƙiya, Daga Gareji Zuwa Tasha

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau na kawo ta gida. Karya ce 'yar wata goma sha uku, uwarta jinsin karnukan Jamus, ubanta kuwa mai kiwon ya rantse irin na Beljiyam ne. Naira 280,000 na biya bayan dogon ciniki a wajen Rayfield. Na sa mata suna Walƙiya.

Ga dalilin wannan ɗawainiya. Ina da shagon karɓar saƙo a wata tasha a nan Jos. Kwali, buhu, Ghana-must-go, duk wanda ya kawo mu rubuta lambar waya mu ba direba. A watan Satumba aka tare wani direbanmu a hanya da buhun garin kwaki, ashe tsakiyarsa tabar wiwi ce an naɗe da leda. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, sai da ya kwana goma sha ɗaya a tsare kafin gaskiya ta yi halinta. Lambar mai kayan tun ranar a kashe take. A littafina aka rubuta buhun nan, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shi ya sa na nemi kare da zan horar ya riƙa shinshino wiwi a cikin kayan saƙo.

Ba ni na zaɓe ta ba. Wani tsohon sajan ne da ya yi ritaya daga sashen karnuka, yana zaune a Bukuru, Baba Sajan muke ce masa. Ni yayanta na so, ƙato, gashi luf-luf. Baba ya jefa ƙwallo cikin ciyawa, ya riƙe kare ya juya shi sau biyu, sannan ya sake shi. Ƙaton ya ɗan shinshina ya dawo yana kaɗa wutsiya. Ita kuwa wannan siririyar ta fi minti huɗu tana kai-kawo, har ta fito da ƙwallon, ta kuma ƙi sakinsa. Baba ya ce, "Ɗana, kyau na masu hoto ne. Wannan mai nacin za ka biya."

Keji da rufin kwano: 65,000. Igiya, abin wuya, ƙwallo uku: 18,000.

Talata, 12 ga Nuwamba

Hajiya ta ce ba a gidan da take salla ba. Ban yi gardama ba, na tafi wajen Malam bayan la'asar. Ya karanto mini aya ta 4 a Suratul Ma'ida, inda aka halatta abin da dabbobin farauta masu horo suka kamo, ya kuma kawo hadisin da ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki bin umarni ne. Sharaɗinsa biyu: kada ta shiga ɗaki, kada ta tsorata maƙwabci. Muka daidaita da Hajiya a kan tsohon garejin baya mai ƙofarsa daban. Ta ce ta ji, amma kwanon gidanta ko ɗaya kada ya je can.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Likitan dabbobi. Allurar haukan kare, allurar haɗaka ta su fabo (cutar amai da gudawa ta karnuka), maganin tsutsar ciki. Naira 27,000. Mu a Filato mun yi sa'a, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana nan kusa tun 1924, likitoci ba sa wuya. Ya hana ni ba ta sauran miya saboda albasa tana lalata wa kare jini, ya hana ƙashin kaza dafaffe. Abinci: tsakin masara, ƙafa da kan kaza, busasshen kifi, wajen 30,000 a wata.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Mako guda ba abin da muka yi sai wasa. Jifa, ɗauko, ja-in-ja da naɗaɗɗen tawul. Kalma uku ta koya: "zauna", "nemo", da "yauwa", wadda ke nufin ta yi daidai, lada na tafe.

Wani ɗan kamasho ya tambaye ni ko gaskiya ne ana ɗura wa irin waɗannan karnuka hodar iblis har su kamu, shi ya sa suke haukan nemanta. Ƙarya ce, kuma da za a yi haka mutuwa kare zai yi. Ba ruwansa da ƙwaya. Ƙwallonsa yake nema. An koya masa cewa duk inda wannan warin yake, daga nan ƙwallo ke fitowa, shi ke nan sirrin.

Lahadi, 1 ga Disamba

Ga inda gizo ke saƙa. Da me zan koya mata warin? Wani yaron mota ya ce zai samo mini ƙulli ɗaya a bayan tasha. Da na gaya wa Baba Sajan sai ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ba ta san "don kare na ajiye" ba, kuma sashen da ya yi magana a kan mallakar irin waɗannan kaya ba da izini ba shekara 15 zuwa 25 ya ambata. Hukuma ce kaɗai ke da hurumin riƙe na gaske don horo. Irinmu sai warin kwaikwayo, wato wani haɗi da ake yi a ƙasashen waje mai fitar da wari irin na wiwi amma ba ya bugarwa. Na tura kuɗi ga wani dila a Legas, 190,000, ya ce sai nan da mako uku.

Mako uku ya yi mini tsawo. Na ga a YouTube masu gasar shinshina a Amurka suna amfani da man kanumfari, sai na ɗebo kanumfari a kicin ɗin uwargida na fara da shi. Ban gaya wa Baba ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Kwali biyar a jere, kowanne da huda a sama, ɗaya da kanumfari cikin gwangwani. Da hancinta ya tsaya a kan na daidai sai in ce "yauwa", in jefa ƙwallo a kan kwalin kamar daga ciki ya fito. Kwana uku ta gane. Zuwa yau tana zama da kanta a gaban kwalin. Zama nake so, ba tono ba, don ba zan iya biyan kayan mutane da farce ya yaga ba. Kwalaye, gwangwanaye, safar hannu, kwalabe: 14,000.

Asabar, 14 ga Disamba

Baba ya zo ya gani. Na nuna masa ina ta washe baki. Ya buɗe gwangwanin, ya shinshina, ya dube ni ya daɗe.

"Ɗana, a ina ka ce za ta yi aiki?"

"A tasha, Baba."

"Buhun kayan yaji nawa ke wucewa ta shagonka a mako?"

Jikina ya yi sanyi. Masu gasa, a filin wasansu babu mai ɗauke da kanumfari. Mu kuwa kowace mai kunun zaƙi, kowane mai yajin tsire, kowane ƙullin kayan mai jego da shi a ciki. Baba ya ce warin farko da kare ya ci lada a kansa shi ya fi zama daram, cire shi sai an sha wuya. Daga yau kanumfari ya koma cikin kwalayen ruɗi, duk zaman da ta yi a kansa ba ƙwallo, ba magana, sai mu wuce. Garaje ya jawo mini aikin wata guda.

Asabar, 21 ga Disamba

Saƙon Legas ya iso jiya, ɗan ƙullin da bai kai akwatin ashana biyu ba. Yana cikin kwalba mai murfi, kwalbar cikin wata kwalbar, a saman rumbu nesa da garejin. Ba na taɓa shi sai da safar hannu. Mun fara daga tushe: warin cikin bututun roba mai huda, bututun cikin tawul ɗin ja-in-ja. Ta karɓa da sauri.

Juma'a, 27 ga Disamba

Ta ƙi abinci tun Laraba. Na ɗauka sanyi ne, don muku-mukun bana a Jos ba wasa, da asuba ruwan randa kamar ƙanƙara. Na ƙara mata buhun algarara da tsohon bargo. Jiya na jefa ƙwallo ta bi shi da ido kawai. Karyar da ke neman tsinke igiya saboda ƙwallo! Da safen nan fitsarinta ya fito ja-ja kamar shayi, na ɗaga leɓenta na ga dasashi fari fat.

A Keke Napep muka kai ta, mai keken sai da na ninka masa kuɗi. Zafin jikinta 40.4, na lafiyayyen kare kuwa bai cika wuce 39 da 'yan ɗigo ba. Likita ya ɗebi jini a kunne, ya duba a madubi, ya ce zazzaɓin kaska ne, ƙwayar cutar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su, kusan yadda zazzaɓin cizon sauro ke yi wa mutum. Ya buɗe tsakanin yatsunta ya ciro kaska biyu sun ƙoshi. Ni da nake duba wuya da kunne kullum, ban taɓa duba nan ba. Kuma na san inda ta kwaso su: filin da nake kai ta gudu a hanyar Lamingo, shanu na kiwo a wurin. Na ɗauka da rani kaska ba ta da ƙarfi, na tsallake maganin watan nan don in rage kashe kuɗi. Ga ragin nan.

Allura, ƙarin ruwa, ƙwayoyi na kwana 28, maganin ƙarin jini, maganin kaska: 58,000. Horo ya tsaya.

Lahadi, 29 ga Disamba

Ta ci hanta kaɗan. Da dare na tarar da tsohon zane an rufe bakin kejin ta inda iska ke shiga. Na tambayi yara, suka ce Hajiya ce ta aiko Auta. Ban ce mata komai ba, ita ma ba ta ce ba.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Dasashi ya dawo ja. Minti biyar-biyar, sau biyu a rana. Hazo ya yi yawa, tana atishawa, hanci na bushewa. Na mayar da horo bayan hantsi da kuma kafin magariba, ina yayyafa ruwa a ƙasa tukuna. Na lura idan tana haki ba ta kama wari sosai, don kare ba ya haɗa haki da shinshina lokaci guda. Saboda haka gudu sai bayan aiki.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwaji goma, ta ci goma. Kwali takwas, da kanumfari, da kilishi, da daddawa a cikin na ruɗi. Ta ɗan tsaya a kan kilishi, wa zai ga laifinta. Na kira Baba ina cewa mun kusa shiga tasha. Ya ce zai zo da kansa, in shirya kwali goma sha biyu.

Asabar, 25 ga Janairu

Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Baba ya kore ni da ita zuwa bayan katanga, shi da Auta suka jera kwalaye. Kafin mu shiga ya ce mini a hankali, "Ka kula da na bakwai." Muka bi layi, a na bakwai ta zauna. Na ce "yauwa" da ƙarfi, na jefa ƙwallo. Ya buɗe kwalin: wayam. Ya buɗe duka sha biyun: wayam. Ƙullin yana cikin motarsa a bakin titi.

Auta ya ɗauka a waya, muka zauna muka kalla. Tun daga na shida na rage sauri. A na bakwai ƙafata ta tsaya, igiya ta yi sako-sako, hannuna na dama ya nufi aljihun ƙwallo. Ita kuma ta shinshina, ta ɗago ta kalle ni, sannan ta zauna. Wato goma bisa goman makon jiya, ni da na ɓoye da hannuna, ban san nawa ne na hancinta nawa ne na ƙafata ba.

Abin ya hana ni barci, na yi ta karatu a waya. Ashe tsohuwar cuta ce. A Jamus an yi wani doki mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi, yana buga kofato har adadin amsa. A 1907 wani masani, Oskar Pfungst, ya nuna dokin jikin mai tambaya yake karantawa: da an kai lambar daidai sai mutum ya ɗan motsa bai sani ba, doki ya tsaya. Idan mai tambayar bai san amsa ba, doki ma bai sani ba. A 2011 kuma masu bincike a jami'ar California da ke Davis sun gwada ƙwararrun masu karnuka 18 a ɗakunan da babu ƙwaya babu abin fashewa ko kaɗan, suka gaya musu an ɓoye, suka liƙa jar takarda a wasu wurare a matsayin alama. An samu nunin ƙarya sama da 200, kuma ya fi yawa a inda takardar take. Kare ba ya karanta takarda.

Ana cewa hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari sama da miliyan 200, namu wajen miliyan 5 ko 6. Ban ga amfanin wannan ba idan mai igiya ya riga ya yanke hukunci. Kuma abin ya fi ƙarfin wasa: a tasha, idan na ga mutum ban yarda da fuskarsa ba, ƙafata za ta tsaya a kan kayansa, karya ta zauna, in ce kare ne ya faɗa.

Sabuwar doka: ba na ƙara ɓoyewa. Auta ke ɓoyewa, ya rubuta lamba a takarda, ya fita daga wurin. Cikin kowane layi uku ɗaya babu komai, kuma idan ta gama layin wayam ba ta zauna ba, nan ma ta ci lada. Ƙwallo ya bar aljihuna. Tafiyata bai ɗaya daga farko har ƙarshe.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Gwaji 20 a makon nan: daidai 11, zaman ƙarya 6, ta wuce shi sau 3. Zaman ƙarya huɗu duk a kwalayen da Auta ya liƙe da sabon salatif. Ashe kullum kwalin warin ne kaɗai muke liƙewa, ta haɗa warin salatif da na safar hannu cikin darasi. Yanzu kowane kwali da salatif, kowanne da guntun safar hannu a ciki.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Daidai 16, ƙarya 2, wucewa 2. Mun koma buhu da jaka da but ɗin tsohuwar motar maƙwabci.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Karon farko a tasha, da izinin ciyaman, da sassafe kafin lodi ya kankama. Minti goman farko ba ta yi komai ba sai kallon 'yan dako da warin bakin mai. Da ta natsu muka bi kayan da suka kwana a shago. Auta ya ɓoye ƙullin a wata jaka tamu, ta same shi, yaran mota suka yi ta tafi.

Sai wata dattijuwa ta iso da buhu za ta aika wa 'yarta a Bauchi. Walƙiya ta ja ni, ta manna hanci, ta zauna daram. Tasha ta yi tsit. Wani ya ce, "Kai, Mama!" Matar nan ta kwance buhu da hannunta tana rawar jiki: citta, masoro, kimba, barkono, da kanumfari kusan mudu. Kayan yajin jego ne, 'yar ta haihu.

Na durƙusa na ce, "Mama, ki yafe mini, wallahi laifina ne, ni na koya mata abin da bai kamata ba." Ta ce ta yafe, amma ta ɗaure buhunta ta kai shagon gaba. Ta yi daidai. Mace mai jikoki an tara mata jama'a saboda gaggawar da na yi a Disamba.

Abin da na tsayar: ba za a ƙara shinshina kaya a gaban mai shi da 'yan kallo ba, sai a ɗakin ajiya. Zamanta ba hujja ba ce, dalili ne kawai na a kira mai kaya gefe a ce ya buɗe, in ya ƙi a mayar masa da abinsa. Kama mutum ba aikina ba ne, na hukuma ne.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Mako guda kan kanumfari zalla: a buhu, a leda, a garin yaji. Sau biyu ta zauna ranar Litinin, daga Alhamis ba ta ƙara ba, sai dai har yanzu tana ɗan jinkiri a kansa.

Wani direba ya yi mini tambayar da ta fi kowace nauyi: tiramadol fa, da kodin? Gaskiyarsa. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su a Najeriya, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 irin su tiramadol. Maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018 gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi, amma kowa a unguwa ya san kwalaben da ake tsinta a kwata. Walƙiya wari ɗaya tak ta sani. Katan ɗin ƙwaya zai wuce ta gabanta ta kaɗa masa wutsiya. Na gaya wa ciyaman haka a fili, kada a saki jiki a daina tambayar katin shaida da buɗe kwali.

Sannan ko wiwin ma, na kwaikwayo ta sani. Baba ya ce ya ga karnukan da suka tsallaka daga na kwaikwayo zuwa na gaske ba matsala, ya ga waɗanda suka tsaya suna kallonsa kamar ganyen rama. Ranar Talata na kai takarda ofishin NDLEA na jiha, ina roƙon ko jami'ansu za su gwada ta a wurinsu da kayansu, a hannunsu. Makarantar horar da jami'an hukumar ma a nan Jos take, a Katon Rikkos. An karɓi takardar, an buga mini hatimi a kwafi.

Lahadi, 2 ga Maris

Azumi na biyu. Horo ya koma bayan sallar asuba da kuma bayan tarawih, minti goma-goma, don da rana ni ba ƙarfi, ita kuma zafi ya fara. Makon nan gwaji 20: daidai 18, ƙarya 1, wucewa 1. Wucewar a saman lodi ne, sama da kanta, ba ta saba ɗaga hanci ba.

Lissafi zuwa yau, har da abincin wata huɗu da kuɗin motar Bukuru 40,000: naira 812,000. Baba Sajan ya ƙi karɓar ko sisi, na kai masa buhun gero da sukari.

Kafin salla: ɓoyo a sama, kan rumfa da kan tayoyi, ƙulli cikin garin kwaki da cikin busasshen kifi, Auta ya fara riƙe igiya don kada ta dogara da ni kaɗai. Ƙullin warin ya fara rauni, sabo sai an sake tara kuɗi. Maganin kaska ranar 5 ga wata, na rubuta da gawayi a bangon garejin.